Farantai Huɗu a Teburin Solange

Duk wanda ya san Solange Vernay a unguwarmu ta bakin kogi, a nan Roanne, ya san abu biyu game da ita: ba a shiga mata kicin, kuma ba ta karɓar yabo da baki. Kana iya cin girkinta ka rantse ba ka taɓa cin irinsa ba, iyakarta ta ce maka, "To, madalla," ta wuce. Sai an kwashe kaya ta tsaya ita kaɗai a wurin wanke-wanke, gaban taga, sannan take jin abin da aka ce da gaske. Idan ka gutsuri burodi ka suɗe miyar tas, to ka yi magana. Idan kuwa ka bar miya kwance a faranti, duk zaƙin bakin da ka yi a tebur ya tashi a banza.

Ba ita ta ƙirƙiro suɗe faranti ba, kowa a nan da shi ya tashi. Iyaye kan kwaɓi yara kada su yi a gidan manya, su kuma iyayen suna dawowa gida su yi abinsu. Ita dai Solange ta mai da shi ma'auni, kuma ba ta yarda da wani ma'aunin ba.

Daga wani ƙauyen kan tudu ta zo gari tana 'yar budurwa, ta kama aiki a masaƙar rigunan sanyi. A wurin gwaggonta Léonie ta sauka, wata tsohuwa mai faɗan tsiya da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yi wa iyalin wani likita girki a Lyon. A hannunta Solange ta koyi duk abin da ta iya: kazar da ake dafawa da kirim, gasasshen dankali cikin madara, miyar albasa, da kuma uwa-uba blanquette, wato farar miyar naman maraƙi. Gwaggo ba ta awo, ba ta kuma bayani. Sai dai ta tsoma cokalin katako a tukunya ta miƙo mata.

"Ɗanɗana ki gaya min."

"Ai daidai na zuba, Gwaggo, kamar na jiya."

"Ban tambaye ki jiya ba. Hannu yana mantuwa, yarinya. Ɗanɗana."

Solange ta auri Armand, mai yi wa gine-gine filasta, mutumin kirki wanda Allah bai hore masa yawan magana ba. Tun daga abincin farko da ta girka masa har suka yi furfura, abu guda yake cewa idan ta tambaye shi: "Ba laifi." Ranar da ta ƙone wake, ba laifi. Ranar da ta yi kazar da maƙwabta suka leƙo ta katanga saboda ƙamshi, ba laifi. Da a ce da baki kaɗai ake aure, da ta daɗe da tattara kayanta. Amma farantinsa kullum fes yake dawowa, an suɗe shi layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sannan an zagaye gefen sau ɗaya, yadda yake gama bango.

An yi yajin aiki, an rage ma'aikata, daga ƙarshe aka rufe masaƙar gaba ɗaya. Gwiwoyin Armand suka gaji da tsani ya ajiye aiki. Abu ɗaya ne bai motsa ba a gidan, shi ne teburin ranar Lahadi. Da tsakar rana ake zama, ba a tashi sai la'asar, kuma Solange ce mai tukunya. A masaƙa ita lamba ce a layin kekunan ɗinki. A coci tana can baya. Amma ranar Lahadi, daga safe zuwa yamma, duniya a hannunta take juyawa, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa tana son hakan ba.

'Yarsu ɗaya, Maud. Tun tana ƙarama take son kicin, ta jawo kujera ta hau tana leƙen tukunya. Ita kuwa uwar, da yake ranar hutunta ɗaya ce kuma ba ta son a ɓata mata, sai ta ce, "Fita, kina tare min haske." Ba da mugunta take faɗa ba. Amma yaro ba ya tantance wannan, abin da ya ji shi yake riƙewa. Maud ta girma, ta zama ma'aikaciyar kantin magani, ta auri Thierry mai koyar da lissafi, ta koyi girkinta a wani ajin ranar Asabar da kuma a waya. Girkin zamani take yi: sikeli, ma'aunin zafi, man shanu kaɗan, kayan ƙamshin ƙasashen da Solange ba ta san inda suke ba.

Sau ɗaya Solange da Armand suka ci abincin dare a gidan Maud. Aka kawo ƙaton faranti, a tsakiyarsa ɗan yankan kifi, a gefe ɗigon wani abu kore, a sama kumfa. Gaskiya abin ya yi daɗi, Solange ma ta san ya yi. Amma ta riƙe burodinta tana juya farantin.

"Maud, ina miyar? Ko kumfar nan ce aka manta ba a ɗauraye ba?"

Thierry ya yi dariya har ya ƙware. Maud ma ta yi, amma ba ta sake gayyatarsu cin abinci ba, sai dai shan kofi. Duk Lahadi kuma tana zuwa gidan uwarta, ta zauna a kujerarta, ta ci a farantinta mai ɗan ɓalli a baki, ba ta ko leƙa ƙofar kicin.

A wani hunturu Solange ta kwanta da mura mai tsanani. Ta warke, ta miƙe, ta koma harkokinta, amma wani abu bai tashi tare da ita ba. Da safe ta buɗe gwangwanin garin kofi ta ji shiru, ko ɗan ƙamshi babu. Ta murza kanumfari a tafin hannu ta kai hanci, babu. Ta lasa gishiri, ta ji shi can nesa-nesa. Likita ya ce wasu yana dawo musu, wasu kuma ba ya dawowa, sai a jira. Ta fito daga wurinsa ta zauna a benci a bakin kogi, tsoro ya kama ta irin wanda ko ranar da aka rufe masaƙa ba ta ji ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce a ranta, hannun da ya yi shekara da shekaru yana abu ɗaya ai ba zai ɓata hanya ba.

Lahadin farko ta yi blanquette. Ta ɗanɗana ta ji salam, ta ƙara gishiri. Ta sake ɗanɗanawa, ta sake ƙarawa. A tebur Thierry ya ce, "Kai, kun sha aiki, Solange," Maud ta ce, "Ya yi daɗi, Maman," don haka take kiran uwarta, Armand ya ce ba laifi. Ita dama ba ta zama har a gama, kullum tana kan ƙafa, sai ta tashi duba kek ɗin tuffa a obin. Da ta dawo ta kwashe farantai ta kai gaban taga, sai ta ga miya kwance a na Maud da na Thierry, an tura shinkafa gefe an rufe ta. Ta daɗe a tsaye ruwa na zuba, ba ta tsoma hannu ba.

Lahadin da ta biyo baya sai ga abin mamaki. Tana tashi duba obin, Armand ya ce, "Je ki ji da kek ɗinki, ni zan kawo farantan." Mutumin da tun aurensu bai taɓa ɗauke ko cokali daga tebur ba! Ta dube shi sheƙeƙe.

"Lafiya dai, tsoho? Ko wani laifi ka yi?"

"Likita ya ce in riƙa motsa ƙafa."

Tsakanin ɗakin cin abinci da kicin akwai ɗan lungu mai kantar ajiye kaya, inda ake ajiye kwandon burodi. Armand ya ɗan jima kafin ya ɓullo, amma ai gwiwa ce da shi. Ya ajiye farantai, ta duba: fes, dukansu. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ashe dai hannu bai manta ba, wancan makon tsautsayi ne. Haka aka yi ta yi har itatuwa suka fara toho, kowace Lahadi Armand na kwashe kaya, farantai na dawowa fes. Ta lura yana yini yana ɗirkar ruwa ranar Lahadi da yamma, ta ce tsufa ne.

Sai wata Lahadi, ana shan kofi, Maud ta ajiye kofinta a hankali.

"Maman, mun yi magana da Thierry. Kin gaji haka nan. Me zai hana mu mai da cin abincin Lahadi gidanmu? Ke ki zo ki zauna kawai, a kawo miki."

"In zauna in ci kumfa?"

"Ba kullum nake kumfa ba, Maman."

"Wa ya ce muku na gaji?"

Thierry ya shiga juya cokali a kofin da babu sukari, Armand ya kafa wa taga ido. Solange ta ji maganar ta soke ta, don ta san idan teburin nan ya bar gidanta ba zai dawo ba. Za ta zama tsohuwar da ake ɗaukowa a mota a zaunar a kusurwa, a tambaye ta ko tana jin sanyi.

Bayan sun tafi ta shiga kicin da ɓacin rai, tana so ta kafa wa kanta hujja. Ta jera farantan a gaban taga, ba ta tara su ba kamar yadda ta saba yi kwanan nan. Ga su fes, me kuma ake so da ita? Hasken yamma ya faɗo a kansu a karkace, ya fito da sawun burodin. A nan ta tsaya cak.

Ta san suɗin kowa a gidanta kamar yadda ta san takun ƙafarsa. Maud tun tana yarinya daga gefe take farawa, ta yi ta zagayawa har ta ƙare a tsakiya, kamar bayan dodon koɗi. Thierry malalaci ne, tsakiya kawai yake sharewa ya bar zobe a gefe. Amma yau duk farantan hannu ɗaya ne a kansu: layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sannan zagaye ɗaya a baki.

"Armand! Zo nan."

Ya shigo yana jan silifas. "Me kuma na fasa?"

Ta ɗaga mai ɓallin. "Wannan farantin wane ne?"

"Faranti ai faranti ne."

"Na Maud ne. Gaya min, yaushe Maud ta koyi filasta?"

Armand ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora manyan hannayensa a gwiwa.

"Gishiri ne?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Gishiri ne. Makon jiya kuma lemun tsami."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da madara ta ƙone kina tsaye a kanta kina ba ni labarin maƙwabciya. Hayaƙin har falo, ke ko a jikinki."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"Solange, tun muna yara nake ce miki ba laifi kina jin haushina. Yanzu da laifin ya zo, sai bakin ya ƙi buɗuwa."

Ta so ta rungume shi, ta kuma so ta kwaɗa masa ludayi. Ludayin ne ya fi kusa da rinjaye. "Kai da aka hana gishiri saboda hawan jini! Kana tsaye a lungu kana haɗiyar na mutum uku kamar ɓarawo! Kashe kanka za ka yi ka bar ni da wa?" Tana faɗa hawaye na zuba. Shi kuwa ya miƙa mata tsumman goge kwanuka, don shi ne abin da ke kusa.

Makon nan ba ta yi girkin kirki ba. Ta yi ta tunanin ta amsa wa Maud kawai a huta. Ran Alhamis tana goge tsohuwar tukunyar ƙarfen da ta gada, sai Gwaggo Léonie ta faɗo mata a rai, tana miƙo cokali: ɗanɗana ki gaya min. Ta tuna a shekarun ƙarshe ba ta taɓa ganin tsohuwar ta kai cokalin bakinta ba, ko sau ɗaya. Duk tsawon rayuwarta ta ɗauka koyarwa ce. Wataƙila koyarwar ce. Wataƙila kuma tsohuwa mai girman kai ce ta rasa harshenta ta ari na yarinya, ba ta taɓa cewa don Allah ba. Babu wanda za ta tambaya yanzu. Amma ko ma wanne ne, ta haka girkin ya iso hannunta, ita kuwa ta rufe ƙofa ta hana shi wucewa.

Ran Asabar ta tarar da Maud a kasuwa, a layin mahauci.

"Gobe ki zo da wuri."

"Da wuri kamar yaya, Maman?"

"Kafin in ɗora tukunya."

Maud ta zo da safe da jakarta a kafaɗa. Ta bi lungun, ta tsaya daidai bakin ƙofar kicin, mace mai 'yar furfurarta a gefen kai.

"Shigo mana, kin tsaya kamar mai karɓar haraji."

"Ba zan tare miki haske ba?"

Solange ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Ba na jin komai, Maud. Ko kanumfari."

"Na sani, Maman."

"Kowa ya sani ke nan, ni kaɗai ce baƙuwa a gidana. To wanke hannu."

Suka sa naman a ruwan sanyi, Solange ta nuna mata yadda ake kwashe kumfar da ke tasowa har ruwan ya yi garau. Aka soka kanumfari a albasa, aka jefa karas da ɗaurin ganye. Maud ta zaro ma'aunin zafinta daga jaka.

"Mai da wannan allurar, ba asibiti muke ba. Kasa kunne. Kin ji yana ɗan motsi yana shiru? Haka ake so. Ya tafasa, naman ya yi tauri."

Maud ta kasa kunne, amma da uwar ta juya baya sai ta tsoma abinta a ɓoye, ta ga daidai ne, ta yi murmushi. Solange ta narkar da man shanu ta zuba fulawa tana juyawa, ba ta bari ya canza launi ba, sannan ta riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan har miyar ta kama bayan cokali. Wannan duk aikin ido ne da hannu, kuma nan babu wanda ya kai ta. Ta kaɗa gwaiduwar ƙwai da kirim, ta sauke tukunya kafin ta zuba. Daga nan ta tsoma cokalin katako, ta tsaya da shi a hannu. Ta miƙa.

"Ɗanɗana ki gaya min."

Maud ta lumshe ido. "Gishiri kaɗan." Solange ta barbaɗa. "Tsaya. Ya isa."

"Wannan ɗan mitsitsin?"

"Ya isa, Maman."

Yatsunta na ƙaiƙayin ƙari, amma ta mai da sauran cikin kwano. Maud ta matsa lemun tsami, ta sake ɗanɗanawa. Sannan ta ce a hankali, kamar mai roƙon alfarma, "Da za ki yarda, da na goga ɓawon lemun a kai. Da 'yar citta, kaɗan."

"Citta? A miyar Gwaggo Léonie?" Solange ta dubi tukunyar, ta san daga yau ba tata ba ce ita kaɗai, kuma abin ya yi mata ciwo. "Sa. Ni dai ba ji zan yi ba balle in yi faɗa."

A tebur hira ta yi ƙaranci, sai ƙarar cokula. Thierry ya nemi ƙari, ya kuma jawo kwandon burodi gabansa. Solange ta ci 'yar shinkafa da nama, don abinci duk ɗaya yake a bakinta yanzu. Ba ta tashi duba obin ba, ta bar kek ɗin ya ji da kansa. Da aka gama Armand ya dafa tebur zai miƙe, ta danna kafaɗarsa.

"Zauna, mai filasta. An sallame ka."

Ta kwashe farantan da kanta ta jera a gaban taga. Ga layin Armand. Ga zoben Thierry, yau har ya fi na kullum siranta. Ga mai ɓallin, an zagaye shi daga gefe har tsakiya, babu ko ɗigo. Ta sauke numfashi. Sai ta ji mutum a bayanta.

Maud ce, ta shigo har ciki ba a kira ta ba. Idonta ba ya kan waɗancan ukun, yana kan na huɗun, farantin Solange, inda miya ke kwance kusan yadda aka zuba ta. Solange ta san wannan kallon, ita ta koya mata shi ba tare da ta sani ba. Ashe tun daren kifin nan, ko ma tun tana hawa kujera tana leƙen tukunya, yarinyar nan jira take.

Solange ta miƙa hannu ta gutsuri burodi. Ta suɗe farantin a tsanake, gefe da tsakiya, har ya yi fes. Ta kai baki ta tauna. Ba ta ji citta ba, ba ta ji lemu ba, ba ta ji komai ba sai ɗumi da laushi. Ta haɗiye, ta goge yatsunta a zani.

"Ba laifi," ta ce. "Lahadi mai zuwa kaza za mu yi. Ki zo da allurar taki."